Ka shiga wasan manyan nan, amma ka san abin da ka je ɗauka

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce shekararka 16, kuna zaune a gefen Baltimore da ke jihar Maryland a Amurka, shekara uku kenan da ka fara lakros, wasan ƙwallon nan da ake yi da sanda mai 'yar raga a kanta, kana buga tsakiya a ƙaramin tim ɗin makarantarku, sai wani maƙwabcinku ya gayyace ka wasan da suke haɗuwa suna yi duk yammacin Lahadi a hutun bazara, mutane ne 'yan shekara 25 har zuwa 40 da wani abu kuma yawancinsu sun buga a jami'a. Kana so ka ji ko abin zai ƙara maka wani abu ko wahala kawai za ka sha, ga kuma Umma tana tsoron kar a karya mata kai.

Ka je. Wallahi da ni ne kai ko sati ɗaya ba zan bari ya wuce ba. Amma akwai sharuɗɗa, kuma tsoron Umma ba tsoron banza ba ne, zan zo kansa. Bari in fara da abin da za ka samu, don yawancin yara suna zuwa irin wannan wuri da tunanin wai za su koyo sabon salon yanka ko harbi ta bayan kai, kuma ba wannan ne ribar ba sam.

Yi wannan lissafin da kanka. Wasan sakandare minti 48 ne, zango 4 na minti 12. Mutum 20 ne a fili, 10 kowane ɓangare, ƙwallo kuma ɗaya tak. Ko da an raba lokacin daidai wa daida kowa bai kai minti biyu da rabi ba, kuma ai ba haka ake rabawa ba, ƙwallon tana iska, tana ƙasa, tana hannun gola, tana waje. Kenan kusan duk wasan kana yin sa ne ba ƙwallo a sandarka. To me kake yi a wannan lokacin? Wannan tambayar ita ce ta raba ɗan wasa da mai gudu da sanda, kuma sa'anninka ba za su iya koya maka amsarta ba don su ma ba su sani ba, dukkanku ƙwallo kuke kallo kuna bin ta kamar an ɗaura muku igiya. Mutumin da ya shekara 20 yana wasan nan, gwiwarsa ta fara ciwo, gudunsa ya ragu, ba shi da wata dabara da ta rage masa sai sanin inda zai tsaya da lokacin da zai motsa. Shi za ka je kallo.

Ni ban fara wasan nan da wuri ba, na zo ƙasar nan karatu ne na tarar da shi, na riƙe sanda karon farko ina da shekara 19. Abin da nake da shi kawai gudu ne, irin wanda muka samo a ƙwallon layi a gida. A tsakanin sababbi irina gudun nan ya ishe ni, in na ɗauki ƙwallo sai in zagaye mutum in wuce, har na fara ganin kamar na iya. Ranar da na fara shiga wasan manya aka haɗa ni da wani difenda mai doguwar sanda, furfura ta cika masa gemu, ya kusa shekara 45. Sau huɗu na nufe shi sau huɗu ƙwallon tana faɗuwa ƙasa, kuma ban ga ya yi wani gudu ba. Bayan an tashi na same shi yana cire safar hannu na tambaye shi yaya yake yi. Ya ce tun karon farko ya lura duk lokacin da zan yanke zuwa dama sai na sauke hannuna na ƙasa nesa da jikina, shi kuma ba sandata yake kallo ba, ƙuguna yake kallo, yana jiran hannun nan ya fito ya sa sandarsa ƙarƙashinsa ya ɗaga. Watanni na yi ina wannan kuskuren, ba wanda ya taɓa hukunta ni a kai saboda ba wanda ya gani. Shi cikin minti biyar ya gani. Har yau da nake koyar da yara maganarsa nake maimaita musu.

To kaga ribar farko kenan, manya suna sa ka biya kuɗin kuskurenka nan take. A wasan sa'anni kana iya riƙe sanda nesa da kai kana lilo da ita ka tsira. A wurinsu doguwar sanda tana kai inci 72, wato ƙafa 6, taka kuma ba ta wuce inci 40 zuwa 42 ba, kuma mai riƙe da doguwar ya san tsawonta kamar yadda ya san hannunsa. Dole ka koyi ajiye kan sandarka kusa da kunne, tsakanin kafaɗa da hular kwano, jikinka yana tsakanin sandar da mai tsaron ka. Koci zai iya faɗa maka wannan sau ɗari a tirenin ka ce to, amma ranar da aka kaɓe maka ƙwallo sau biyar a jere gaban mutane jikinka da kansa zai gyara.

Sai maganar lokaci, ita ce babba a wurina. Yaro yana cafe ƙwallo, ya yi lilo da sanda sau uku, ya ɗaga kai, sannan ya fara neman wanda zai ba. Babba tun ƙwallon tana hanya ya riga ya leƙa ya san inda za ta tafi daga hannunsa, tana shiga raga tana fita. In ka shiga cikinsu satin farko za ka ji kamar komai yana gudu fiye da ƙima, alhali in ka tsaya a gefe ka kalla za ka ga ƙafafunsu ba su kai na tim ɗinku sauri ba, ƙwallon ce take gudu. Kuma za su yi maka ihu ka saki, ka saki, ƙara ɗaya, ma'ana kar ka harba, akwai wanda ya fi ka kyan wuri, ƙara fasin ɗaya. Kar ka ji haushi. In ka jure wata biyu a haka ka koma cikin sa'anninka za ka ji kamar an rage wa wasan gudu, za ka ga fili a wuraren da da can ba ka gani. Duk yaron da na tura wasan manya ya dawo, wannan maganar yake fara faɗa min, kuma ba ni na sa masa ita a baki ba.

A tsaro kuma abin da zai ba ka mamaki shi ne surutu. Difendojin da suka buga a jami'a bakinsu ba ya rufuwa, gola yana faɗin inda ƙwallo take, wannan yana cewa ni ke kan mai ƙwallo, wancan yana cewa ni ne mai kai ɗauki, na bayansa yana cewa ni ne na biyu. Tsarin shi ne in aka wuce mutum ɗaya wani zai bar nasa ya tare, wani kuma ya rufe wanda aka bari, haka kowa zai matsa har a bar mutumin da ya fi nisa da ƙwallo shi kaɗai ba mai tsaro. A allo wannan abu ne mai sauƙi. A fili kuwa sai ka ji mutum a bayanka yana kiran lambarka yana ce maka matso ciki, juyo da kanka, sanda sama, kafin ka gane cewa tsaro aikin mutum 7 ne tare. Ka riƙa amsawa da ƙarfi ko da ba ka tabbata ba. Na san tarbiyyarmu ta gida, yaro ba ya ɗaga murya a gaban manya, kuma abu ne mai kyau, amma a cikin fili shirunka cutar da su yake yi, girmamawa a nan ita ce ka buɗe baki ka faɗi inda kake.

Kuma kar ka ɗauka wannan wata sabuwar dabara ce, haka wasan ya taso a wurin masu shi. Lakros wasan 'yan asalin Amurka ta Arewa ne, musamman al'ummar Haudenosaunee da Turawa ke kira Irokwa, a wurinsu ba wasa ne kawai ba, suna ɗaukarsa kyauta daga Mahalicci kuma magani, uba yana miƙa wa ɗa. Sai a 1867 wani likitan haƙori a Montiriyal, George Beers, ya tsara dokokin da aka ɗora na yanzu a kansu. Dubi 'yan gidan Thompson daga Onondaga a jihar New York, su huɗu, Jeremy da Jerome da Miles da Lyle. Babansu ɗan wasa ne, a bayan gida ya horar da su, suna harbi a wani katako mai ɗan rami. Lyle shi ne ƙaraminsu, kenan tun yana ɗan mitsitsi duk wanda yake karawa da shi ya girme shi ya fi shi ƙarfi. A 2014 shi da Miles suka raba kyautar Tewaaraton, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, suna jami'ar Albany, karon farko da aka raba ta tsakanin mutum biyu kuma karon farko da 'yan asalin ƙasar suka ci, a 2015 Lyle ya sake ɗauka shi kaɗai, ya gama wasan jami'a da maki 400, wato jimillar ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya bayar aka ci. In ka kalli bidiyonsa ka lura da yadda yake jingina da difenda yana riƙe da sanda da hannu ɗaya can nesa, idonsa yana kan abokan wasansa, wannan salon wanda ya saba da a fi shi ƙarfi ne ya koyi amfani da nauyin abokin karawa. Haka 'yan gidan Powell a jami'ar Syracuse, Casey da Ryan da Mikey, ƙaraminsu Mikey shi ya ci Tewaaraton sau biyu, 2002 da 2004. Ba wai ina cewa duk ƙani sai ya fi yayansa ba, baiwa daga Allah take, amma wanda ya tashi yana bin manya yana samun darasin da ba a sayarwa a kamfin bazara.

Kanada ma ka duba. Can lakros na cikin ɗaki suka fi bugawa, wanda ake kira boks, a filin hokin ƙanƙara bayan an cire ƙanƙarar, mutum 6 kowane ɓangare har da gola, daƙiƙa 30 ake ba ku ku harba, raga 'yar ƙarama kusan ƙafa 4 maimakon ƙafa 6 ta fili, gola kuma ya cika ta da kayan kariya. Rukunin matasansu daga shekara 17 ne zuwa 21, kenan yaro kusan sa'anka yana shiga ya tarar da ƙato ɗan 21 wanda ya riga ya buga jami'a a Amurka ya dawo hutu. Shi ya sa 'yan Kanada in suka zo fili hannunsu daban yake a kusa da raga, suna cafe fasin a cikin cunkoso su yi wa gola ƙarya sau biyu kafin su saka. Gary Gait ɗan Biktoriya yana da shekara 39 yana cikin tim ɗin Kanada da ta doke Amurka ta ɗauki kofin duniya a 2006, John Tavares kuma ya buga wa Buffalo Bandits, tim ɗin boks na ƙwararru, kaka 24 bai ajiye sanda ba sai 2015 yana da shekara 46. Wasan da mutum zai kai wannan shekarun yana cin ƙwallo a matakin ƙwararru, ka san ba ƙafa kaɗai ke yin sa ba. In da hali lokacin sanyi ka nemi inda ake boks kusa da ku, yanzu ya yaɗu a Maryland.

Yanzu maganar Umma. Gaskiyarta. Kai wataƙila ba ka gama girma ba, wasu daga cikinsu sun fi ka nauyi da kilo 30 ko fiye, kuma lakros na maza an yarda a bangaji mutum da kafaɗa in yana da ƙwallo ko yana kusa da ita. Don haka kafin ka sa ƙafa, Abba ko kai da shi ku tambayi mai shirya wasan abu uku kai tsaye, shin ana bangaza ko sanda kawai ake taɓawa, shin sun yarda da ɗan ƙasa da 18, kuma akwai inshora da ta rufe ka. Yawancin irin wannan haɗuwar ta yamma ba a bangaza don kowa yana da aiki ranar Litinin, in haka ne to alhamdu lillahi. In kuwa gasa ce ta gaske mai alƙalin wasa da kofi da bangaza cikakkiya, ban yarda ka shiga ba a 16, ka jira. Ba ragwanta ba ce. Kuma ko a wasan da ba a bangaza akwai irin mutumin da yake zuwa da fushin ofis ya sauke a kan yaro, in ka gane shi ka sanar da maƙwabcin naku a raba ku, ba abin kunya ba ne.

Kayan kariya kuma ba a rage ko ɗaya, ko da ka ga su sun zo ba abin kafaɗa ba abin gwiwar hannu, su jikinsu ne. Hular kwano mai kyau da ta zauna a kanka, robar baki, safar hannu, abin gwiwar hannu, abin kare gaba, da abin ƙirji. Wannan na ƙirjin ina so ka ɗauke shi da gaske. Ƙwallon lakros roba ce mai tauri, nauyinta kusan giram 145, ƙwararru suna harba ta fiye da mil 100 a awa, tsohon ɗan jami'a ma harbinsa ya wuce duk abin da ka saba gani. In ta bugi ƙirji daidai saitin zuciya a wani ɗan taƙaitaccen lokaci na bugunta, zuciyar tana iya rikicewa ta daina tura jini ko da mutum lafiyarsa ƙalau. A shekarar 2000 wani gola ɗan shekara 14 a Long Island ya rasu ta haka a wasan makaranta, dalilinsa jihar New York ta yi doka a 2002 cewa makarantun gwamnati su ajiye na'urar farfaɗo da zuciya. Shi ya sa aka fito da ma'aunin NOCSAE ND200 na abin ƙirji, aka wajabta wa masu tsaron raga a 2021, sauran 'yan wasa maza a 2022. Duba naka ka ga ko akwai tambarin. Kar ka taɓa tare harbin babba da ƙirji don a ce kai jarumi ne. Kuma in aka bugi kanka ka ji jiri ko ciwon kai ko haske yana damunka, ka fita, ranar ta ƙare, ka gaya wa iyayenka a ga likita, kar ka ɓoye don tsoron a hana ka komawa. Ka nuna wa Umma wannan sakin layin ma, in ta ga ka san haɗarin hankalinta zai fi kwanciya fiye da ka ce mata ba komai.

To in ka je yaya za ka yi su karɓe ka? Ka sani satin farko ba za su riƙa ba ka ƙwallo ba, musamman in ka yar da biyun farko. Ba ƙiyayya ba ce, mutum ya bar iyalinsa ya zo ya more awa ɗaya da rabi, ba ya so a ɓata masa. Kai kuma kana da abin da ba su da shi, huhu da ƙafa. Ka sayar musu da wannan. Ka ce kai za ka tsare ɗan tsakiyarsu mafi gudu. In gola ya kama ƙwallo ka zama na farko da zai ɓalle gefe ya ɗaga sanda. In ɓangarenku zai harba ka lura ko akwai mutum a bayan raga, don doka ita ce in harbi ya fita waje ana ba tim ɗin da ɗan wasanta ya fi kusa da ƙwallon lokacin da ta fita, to dattijon da ya harba ya kuskure ya juyo ya ga yaro ya ruga ya ceto masa ƙwallon, wallahi daga ranar ya san sunanka. Ga kuma ƙwallon ƙasa, nan ne ake gane mai zuciya. Ka sunkuya sosai, hannun baya ma ya yi ƙasa, ka kwashe kana gudu ka wuce kar ka tsaya a kanta kana janyo ta baya, kana ɗauka ka kawo sandar fuskarka ka fita daga cunkoso ka ba wani. Ka lura da yadda su suke yi, da yawa ba sa ma fara neman ƙwallon, ƙugu suke sa wa abokin hamayya su tare shi tukuna, ko su ɗan tura ta gefe inda nasu yake. Ka zo da wuri ka taya ɗaukar raga, in an tashi ka taya tsintar ƙwallaye, wannan kam ba sai na koya maka ba, daga gida ka san shi.

Kuma dan Allah kar ka riƙa ba da haƙuri duk lokacin da ka yi kuskure, ka buga ƙirji sau ɗaya alamar laifina ne ka koma tsaro da gudu. Tambaya kuma ɗaya a rana ta isa, bayan an tashi, kuma ka yi wa wanda ya fi wahalar da kai. Kar ka ce masa yaya zan ƙware, ba zai san me zai ce maka ba. Ka ce me ka gani a jikina da ya sa ka san inda zan bi. Ka tambayi gola me yake karantawa a sandarka kafin ka harba, zai gaya maka abin da ba ka taɓa zato ba, wataƙila idonka yana nuna masa kusurwar, wataƙila kullum daga gefe kake harbi ƙwallon tana tafiya a layi ɗaya da sandarsa. Tsofaffin gololi su suka sa na koma harbi daga sama zuwa ƙasa, da buga ta a ƙasa gaban gola in filin ciyawa ne. In ka koma gida ka rubuta abin da aka gaya maka a waya, layi biyu, kafin ka manta.

Amma duk wannan ba zai yi aiki ba in hannunka bai zauna ba, kuma wannan ba su za su yi maka ba, bango ne zai yi maka. Ka nemi bangon bulo mai tsawo, bayan makaranta ko wurin wasan tanis, ka sa safar hannunka, ka tsaya kamar yadi 8 zuwa 10, ka zaɓi bulo ɗaya ka riƙa nufarsa. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Dama, hagu, cafewa da wannan hannu ka canza ka jefa da wancan, sannan ka matso kusa ka yi ta mayarwa ba tare da lilo ba. Hagun nan musamman, in kai badame ne (ko dama in kai bahago ne), don a sati na biyu duk difendan da ke wurin ya gane hannun da ba ka so kuma can zai riƙa tura ka. Ƙafarka kuma kar ta tsaya cak, a wasa ba wanda yake cafe ƙwallo a tsaye. Wasan Lahadi zai nuna maka ramin, Litinin zuwa Asabar a bango kake cike shi, in ka tsallake wannan sai ka yi ta zuwa ana kaɓe maka ƙwallo har bazara ta ƙare ba abin da ya canza.

Wani abu da nake ganin iyaye da yara suna kuskure a kai, kar ka bar tim ɗin sa'anninka saboda wannan. A wurin manya kai mai taimako ne, kana koyon sakin ƙwallo da tsayuwa. Amma akwai abin da ba za ka taɓa koya a can ba, wato a ce saura minti ɗaya ana kunnen doki kowa ya juyo yana kallonka kai za ka ɗauki ƙwallon. Wannan sai a cikin sa'anni, inda za ka gwada yanka ka faɗi ka sake gwadawa, ka yi wa wasu magana su ji. Na ga yaran da aka yi ta turawa sama tun suna ƙanana har suka zama masu tsoron riƙe ƙwallo, da ta zo sai su jefar kamar garwashi, sun iya tsari amma zuciyar kai hari ta mutu. Sau ɗaya a sati da manya ya isa. Kuma ka auna da kanka, in bayan sati huɗu ko biyar ka fara cafe yawancin abin da aka jefo maka kuma an fara neman ka da fasin, wurin ya dace da kai. In har lokacin gudu kawai kake sama da ƙasa ba ka taɓa ƙwallo, tazarar ta yi yawa, ka nemi 'yan babban tim na makarantarku ko waɗanda suka gama bara suka dawo hutu, shekara biyu ko uku a gabanka ma babbar makaranta ce.

Sannan ba duk abin da babba ya yi ne abin koyi ba, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Za ka ga wasu ba sa komawa tsaro, suna tafiya a hankali wajen canji, suna kai sara da hannu ɗaya maimakon su motsa ƙafa, suna harbi daga ƙugu don ya yi kyau a ido, suna musu a kan kowane hukunci. Su sun gama nasu, ba kocin da zai ajiye su a benci. Kai in ka kai wa kocinka wannan a watan Maris da kakar makaranta ta fara benci za ka zauna. Ka ɗauki idonsu da haƙurinsu ka bar musu kasalar. Kuma in faɗa maka tun yanzu don kar ya zo maka ba shiri, a irin wannan haɗuwar da yawa in an tashi sai a buɗe bayan mota a fito da giya a zauna hira. Kai ka yi sallama da kowa hannu da hannu, ka yi tambayarka ɗaya, ka kama hanya, Magariba ma tana jiranka. Ni shekara da shekaru haka nake yi kuma ban rasa aboki ko ɗaya a dalilin haka ba.

Ranar farko ka nemi wanda yake ɗaure wa mutane ragar sanda, kowane irin wannan taro akwai shi, za ka gan shi da igiyoyi da almakashi a jaka. Miƙa masa sandarka ya jefa sau biyu uku. Yara da yawa suna zurfafa aljihun don ƙwallo ta zauna, sai ta riƙa maƙalewa tana yin ƙasa wajen jifa su ɗauka hannunsu ne ba daidai ba, ga shi in alƙalin wasa ya duba ya ga saman ƙwallon ya nutse ƙasa da bakin ƙasa na gefen kan sandar laifi ne, hukunta ka zai yi. In ya ce a sake ɗaurewa ka bar shi ya yi a gabanka kana kallo, ka tambaye shi amfanin kowace igiya ta sama. Bayan sati uku ka rubuto min abin da difendan farko ya ce ya gani a jikinka, daga nan sai in gaya maka irin tirenin ɗin bangon da za ka ƙara. Ka gaida Abba da Umma.